Ajiyar Alifa

Yatsun da ke ƙirga sefa da rana
su ke jan carbi da dare.
Ban taɓa jin sun saɓa ba
sai daminar bana.

Teburina na bakin kasuwar Kusuri,
inda fataken Gamboru ke zube naira.
Nan Alifa masunci ya same ni wata Laraba,
ƙaurin banda a rigarsa,
ya ce, "Riƙe min. Jaka ɗari da goma.
In ruwa ya janye zan ɗaura wa jirgina inji."
Ba takarda. Ba shaida
sai kofin shayi biyu, ɗaya ma da tsaga.

Ruwa bai janye ba.
Logon ya cika ya batse,
ya maido jirgin, ya riƙe mai shi kwana uku.
Na sallace shi a sahu na biyu
da kuɗinsa ɗaure a ƙuguna.

Masu cewa Shaiɗan na da ƙaho ba su gamu da nawa ba.
Nawa da muryata ya zo,
da sallama, da alwala, har da hujja.
Ya ce: ba ci za ka yi ba, juyawa ce.
Ya ce: wadda ba ta san ta yi asara ba barcinta take.
Ya ce: ɗakinka na yoyo, 'yarka na tari,
wa ya sani, ko ta nan aka ɓullo maka?
Na ce a'uzu billahi.
Ya taya ni ƙarasawa.

A zawiyar Goni Bishara an shimfiɗa farin ƙyalle,
'yan'uwa na istigfari, ni ina lissafi:
in naira ta ƙara faɗuwa kafin Talata,
ɗari da goma sai ta haifi goma sha biyu.
Sau uku Fatiha na suɓuce min a tsakiya.
Goni bai ko dube ni ba.
Yana sa takalmi ya ce, kamar da bango yake:
"Kada ba ya hawa tudu farauta.
Jira yake a zo wanke ƙafa kawai."

Na taɓa jaka biyar, na mayar.
Na taɓa goma, na mayar da tara.
Na yi azumin Litinin don in ji ni mutumin kirki ne,
na sha ruwa da kifin da ribar ta saya.
Goshina na ƙasa, zuciyata na ƙarƙashin katifa.

Daren sadakar arba'in na sayar da rediyona,
na cike gurbin, na bi lungun masunta,
taɓo har idon sawu.
Kellu na takaba, daga bayan zana ta amsa.
Na miƙa ƙullin, na soma jawabin da na tsara tun daga gida.
Ta ce, "Ai ya gaya min ran da ya ba ka.
Na ce bari in ga ruwan da ya ci mijina
ko zai ci amininsa."
Ba ta ƙirga ba.
Da ma ta ƙirga, da ya fi min sauƙi.

Na kamo hanya, ƙuguna sakayau,
kwaɗi na ta zikirinsu a gefen kwalbati.
Ban kai kwanar masallaci ba sai ga shi a kafaɗata,
ya sake riga, ya sha turare:
Madalla da kai! A zamanin nan wa zai yi haka?
Bai kamata irin wannan ya ɓace ba.
Ka ba Goni labari. Ko ka rubuta,
don na baya su ɗauki darasi.

Na ce masa ba zan gaya wa kowa ba.
Na rantse.

Ga shi kuna karantawa.